Kunne Ya Girmi Kaka: Tambayoyinku Kan Ɗinka Aikin Sauti Da Kukan Daji

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Damagaram suka fito, kuma kusan duk magana guda suke yi: yadda ake shiga daji da na'ura a naɗo sautinsa, a dawo a gina aikin saurare da shi. Mun taƙaita tambayoyin, masu kama da juna kuma mun haɗe su.

Wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou ya rubuto: *Na saurari wani aiki a intanet, ba kiɗa ba waƙa. Kukan tsuntsaye ne da ƙarar itatuwa, can sai ga jirgi mai saukar ungulu da amon ƙarfe. An ce a wani tsohon daji na kan iyakar Polan da Belarus aka naɗo shi. Wane daji ne wannan, kuma ina fasahar take?*

Malam, dajin Białowieża ke nan, mutanen wurin suna furta shi kamar Biyawoweja. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,500, kuma shi ne mafi girman abin da ya saura na kurmin da ya taɓa rufe filayen Turai. Abin da ya tsirar da shi daga gatari shi ne sarakunan Polan, daga baya sarakunan Rasha, sun keɓe shi don farautarsu. Akwai itatuwa a ciki da suka haura shekara 400. UNESCO ta sa ɓangaren Polan cikin kayan gadon duniya a 1979, ta haɗa da na Belarus a 1992. A nan ɓaunan Turai ya ƙare a daji a 1919, aka fara kiwonsa a killace a 1929, aka sake shi a 1952. A ɓangaren Belarus ɗin ne kuma, a Biskuli, aka sa hannu kan takardar wargaza Tarayyar Sobiyet a Disamban 1991.

Rigimar da kunnenka ya jiyo iri biyu ce. A 2016 gwamnatin Polan ta ninka yawan itacen da ake sarewa a wani sashe har sau uku, da hujjar yaƙi da ƙwaron da ke huda ɓawon itace. Masana da masu kare daji suka ƙi, kuma a Afrilun 2018 kotun Tarayyar Turai ta ce saran ya saɓa doka. Sannan daga 2021 dubban baƙin haure, ƴan Iraƙi da Siriya da Afganistan da ƙasashen Afirka, suka riƙa ratsa dajin daga Belarus, wasu suka rasu a cikin sanyi da fadama. A 2022 Polan ta kammala katangar ƙarfe mai tsawon kilomita 186 da tsayin mita 5.5 a kan iyakar, wani ɓangarenta ya raba dajin biyu, har da dabbobin da ke cikinsa.

To, mai naɗar sauti ya sami wuri da ba shi da na biyu. Tsohon daji yana da matattun itatuwa birjik, a tsaye da a kwance, kuma mataccen itace mai rami ganga ne: in maƙwaƙƙwafi ya buga shi amon yakan yi nisa, kowane iri da saurin bugunsa. A watan Mayu gari kan fara haske kafin ƙarfe 4, tsuntsaye su tashi bi da bi. A Satumba manyan bareyi masu ƙaho mai rassa suna ruri. A kan wannan duka aka ɗora injin sare itace, motocin sintiri, karnuka da jirage. Masanin sauti Bernie Krause ya kasa abin da ake ji a kowane wuri kashi uku: na masu rai, na ƙasa da iska da ruwa, sai na ɗan Adam. Fasahar tana cikin zaɓe da jerawa: a ina aka kafa makirufo, wace sa'a, me aka bari ya daɗe, me aka ajiye kusa da me. Minti uku na tsuntsaye da jirgi ya katse su, sannan a bar mai saurare ya ji tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su sake buɗe baki, wannan ya faɗi abin da dogon rahoto bai faɗa ba. Shi kansa yanka sautin duniya a gina aiki da shi ya samo asali ne daga gwaje-gwajen Pierre Schaeffer a gidan rediyon Faransa a 1948.

Wata ma'aikaciyar rediyo daga Sabon Gari: *Ina da ƙaramar na'urar naɗa ta hira, ina da waya. Za su isa? Yaya zan saita su?*

Malama, wayar ki bar ta don rubuta bayani. An gina ta don muryar mutum, tana ɗaukar kukan gyare da motsin ganye a matsayin hayaniya ta danne su. Na'urar hannu irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X ta isa a fara.

Ki sa ta a WAV, tsarin fayil mai ajiye sauti cikakke, kada ki naɗa a MP3, mai matse shi. Kilohaz 48, bit 24, sitiriyo. A wannan saiti kowane minti yana cin megabait 17 da ɗoriya, awa guda kusan gigabait 1, don haka katin gigabait 32 zai ɗauki kimanin awa 30. Na'urar kan yanka fayil da kanta kusan kowane awa biyu, wannan ba lalacewa ba ce. Ki kashe abin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa. In kika bar shi, duk sanda daji ya yi tsit zai ɗaga ƙarfi shuu ɗin na'ura ya taso, tsuntsu na yin kuka ya sake dannewa, sai aikin ya zama kamar mai numfashi sama-sama. Da hannu za ki saita, yadda sauti mafi ƙarfi zai tsaya wajen desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 12 ƙasa da sifili a ma'aunin na'urar. Wannan ratar ita ke ceton ki ranar da cilakowa ta sauka a reshen da ke bisa makirufo, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa.

In kuɗi ya samu, kada ki sake sayen wata na'urar, ki sayi makirufo. Ƴan ƙananan nan guda biyu masu ji ta kowane ɓangare, waɗanda aka yi da ƙwayar Primo EM272, hayaniyar kansu wajen desibel 14 ce, ƙasa ƙwarai da ta makirufon jikin na'urar hannu. Sai kin kunna wutar da na'ura ke ba su ta ramin shiga, in ba haka ba ba za su yi aiki ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi mayar da mutane gida hannu rabbana. Hanya mafi sauƙi ta kafa su: ki sami itace mai kaurin kan mutum, santimita 18 zuwa 25, ki ɗaura ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai tsayin ƙirji. Kututturen ya zama kai, su kuma kunnuwa. Ki faɗi kwanan wata da sa'a da wuri da yanayin iska a farkon naɗin, sannan ki ja da baya aƙalla taku hamsin ki zauna. Tsuntsaye sukan ɗauki minti goma sha biyar ko fiye kafin su manta da mutum, shi ya sa naɗin minti biyar ba ya ba da komai.

Wani matashi daga Takeita: *Na kwana biyu ina naɗa a gandun dajinmu. Da na saurara, ban da bubbugar iska da shuu babu abin da ke ciki, kuma daren na biyu na'urar ta mutu.*

Ɗan'uwa, cuta uku ce ta haɗu, kowace da maganinta.

Bubbugar iska ce ke dukan fatar makirufo kai tsaye. Soson da ake sayarwa tare da na'ura don numfashin mai magana aka yi shi, ba ya tare iskar fili. Rigar gashi ake sa wa makirufo, gashin roba mai tsawon santimita 3 zuwa 5, a ɗinke ta a kan soson, a bar ƴar iska tsakaninsu. Kowane tela a kasuwar Dole ta Damagaram zai ɗinka maka in ka kai masa ƙyallen, sai dai ka hura ta bayan ƙyallen ka tabbata iska na ratsa shi, don mai bayan leda toshe sauti yake yi. Ka kunna matatar da ke yanke sauti mai kauri a haz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) 80, ka kafa makirufo a bayan kututture ko tudu, nesa da busasshiyar kaba mai kaɗawa. Da hunturu iskar kan tashi ne bayan hantsi, da asuba takan kwanta.

Shuu kuwa alamar nisa ce. Duk sanda tazara ta ninka, sauti kan ragu da desibel 6. Kurciyar da ke mita 16 ta fi wadda ke mita 2 rauni da desibel 18, kai kuma sai ka ɗaga ƙarfin shiga don ka jiyo ta, hayaniyar na'ura ta taso tare da ita. Maganin shi ne ka kai makirufo inda abin zai zo: bakin tafki, gindin gawo mai fure da ƙudan zuma ke yi wa taro bayan kaka, ƙarƙashin kuka a farkon damina lokacin da furenta ke buɗewa da dare jemagu su zo. Kwana guda na zagaye ba tare da na'ura ba ya fi kwana uku na naɗar banza.

Mutuwar na'ura, in da batirin ajiya na waya ka haɗa ta, laifinsa ne: da yawansu sukan kashe kansu in abin da ake ja bai taka kara ya karya ba. Ka gwada shi a gida dare guda cur tukuna. Ka rufe na'urar cikin roba mai murfi, ka rataye ta sama da ƙasa saboda gara da ɓeraye masu cin waya, da awaki in gari ya waye. A Afrilu da Mayu, zafi ya wuce digiri 40, kada rana ta same ta. Wayarka kuma ka sa ta a yanayin jirgi, in ba haka ba za ka ji tit-tit-tit ɗinta a cikin fayil.

Wani mai gyaran rediyo daga Zango: *Yaya ake jiyo abin da ke cikin itace, ko amon wayar shinge?*

Malam, wannan aikin hannunka ne. Faifan fiyezo, irin na cikin ƙararrawar agogo, mai faɗin milimita 27, shi ake haɗa wa waya mai garkuwa, a shafe bayansa da gam mai ƙarfi don kada dalmar ta ɓalle. Ba iska yake ji ba, rawar jikin abin da aka manna shi a kai yake ɗauka. A matse shi da maƙali a jikin waya, ko a liƙa shi da kakin zuma a kan itace. A mataccen itace za ka iya ɗaura sukuru ya shiga santimita 5 ka manna faifan a kansa, sai ka ji gara da tsutsa suna ci kamar ana soya gyaɗa. Da irin wannan ake naɗo ƙwaron ɓawon itace, wanda aka yi shari'a a kansa a Biyawoweja.

Matsalar da za ka ci karo da ita ka san ta. Faifan yana son mashiga mai turjiya babba, megaom 1 ko fiye, ramin makirufo kuwa ƴan kiloom ne. In ka cusa shi kai tsaye, duk kaurin sautin da ke ƙasa da haz 1,000 zai zube, ya bar ka da ƙara siririya kamar ta gwangwani. Ƙaramin amfilifaya mai tiransista FET guda a tsakani yana warware wannan. Ka kashe wutar ramin shiga in ba amfilifayar ke buƙatarta ba, ka kuma ɗaure wayar a jikin itacen, don duk motsinta yana shiga. Wayar shinge da iska ke kaɗawa tana ba da amo mai tsawo kamar gurmi, amma shingen lambu ko na makiyaya muke nufi, da izinin mai shi. Katangar Polan ba a barin mutum ya kusance ta.

Wata malamar makaranta daga Mirriya: *Na naɗi kwaɗi da gyare masu daɗi, amma babura da injin ban ruwa sun shiga. In goge su?*

Malama, a nan ne muke so ki tsaya ki yi tunani kafin ki taɓa komai. Ta fuskar aiki, gogewar ba ta cika yiwuwa ba. Mai rage hayaniya na manhajar Audacity yana cire sautin da ba ya canzawa ne, kuma gyare shi ne sautin da ba ya canzawa, don haka shi zai fara tafiya, babur ya zauna. In kika wuce desibel 6 a ragewa, abin da ya saura zai riƙa kurɓar ruwa kamar ana magana a cikin tulu. Abin da ke yiwuwa shi ne rage gurnanin da ke ƙasa da haz 100, ko yanke wurin gaba ɗaya ki haɗe bakin biyu a hankali, ɗaya na shiga ɗaya na fita cikin daƙiƙa 5 zuwa 15, don kada a ji ɗinkin.

Ta fuskar gaskiya kuwa, ra'ayinmu a fili yake. Wanda ya je Biyawoweja bayan 2021 ya dawo da tsuntsaye zalla, ya share jirage da karnuka, ya ba mutane dajin da babu shi. Haka lambunan Mirriya: injin ban ruwa yana cikin sautinsu yanzu, kuma nan da shekara ashirin wanda zai saurari fayil ɗinki zai so ya san tun wace sa'a ake tayar da shi, da abin da kwaɗi ke yi in ya tashi. Kiran sallar asuba ma zai shigo miki daga garin da ba ki zata ba, saboda da dare iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, tana lanƙwaso sauti ƙasa ya yi tafiyar kilomitoci. Ki bar shi, shi ne agogon aikin.

Wannan bai hana ki sarrafawa ba. Kina iya matse yini guda cikin minti ashirin, daga asuba zuwa dare. Kina iya ɗora zango uku a kan juna, na nesa, na kusa, da na cikin itace. Kina iya rage gudun sauti: jemagu masu cin ƙwari suna kuka sama da kilohaz 20 inda kunne ba ya kai, in an naɗa a kilohaz 192 aka rage gudun sau goma sai su fito fili. Sharaɗin guda ne, ki faɗa a bayanin aikin abin da kika yi. Kuma kada ki haɗa lokutan da ba sa haɗuwa. Kwaɗin Agusta tare da faɗuwar ƴaƴan gawo na rani, duk manomin da ya ji zai san ƙarya ce tun kafin minti ya cika. Asalin fayil ki ajiye shi wuri biyu, a kan kwafi kawai za ki yi yanka.

Wani ɗan kasuwa daga Matamai: *Mu ma muna da dajin kan iyaka. Ina so in je Baban Rafi in yi irin wannan aiki, in haɗa da muryoyin masu tsallaka iyaka.*

Alhaji, kwatancenka ya yi daidai, amma Baban Rafi, a kudancin Maradi, yana cikin yankin da ƴan bindiga ke kai da komo tsakanin Nijar da Najeriya. Mutum da akwati mai waya da fitila a ɗaure a itace da dare, kowane ɓangare ɗan leƙen asiri zai ɗauke shi. Ba mu ba ka shawarar zuwa ba. Abin da kake nema yana ƙofar gidanka: gonakin gawo na Matamai da Magariya, waɗanda manoma suka raya da hannunsu, da hanyar Ɗan Barto, mashigar kan iyakar Najeriya, mai ratsa su. Manyan motoci a nesa, ƙararrawar shanu, tsuntsaye a kan gawo, iyaka ke nan a kunne. Wanda ya naɗi wannan hanya lokacin da aka rufe iyaka a 2023, ya sake naɗa bayan buɗe ta, yana da aiki a hannu ba tare da ya ƙara komai ba.

Ka fara da mai gari da mai gona, sannan ma'aikatan gandun daji. In wurin yana kusa da shingen bincike ka sanar da jandarmomi, kuma kada ka juya makirufo wajen sansanin soja ko ofishin duwan (kwastam). Ka liƙa takarda a jikin akwatin da ke cewa na'urar naɗar kukan tsuntsaye ce.

Batun muryoyi ya fi nauyi. Makirufon da aka bari a daji ba ya zaɓe, zai ɗauki hirar mata masu itace da ta mai fasa-ƙwauri. Murya shaida ce kamar fuska, a ƙauye kowa ya san ta kowa. Duk maganar da ake fahimta wadda mai ita bai san ana naɗa ba, ka cire ta, ka goge ta daga kwafin da zai bar hannunka. Wanda ya yarda, ka kunna masa abin da ka ɗauka ya ji, ka gaya masa inda za a sa, ka naɗi yardarsa da bakinsa. Canza kaurin murya da manhaja ba ya ɓoye mutum, don ana iya mayar da ita yadda take. Takun sawu, tari daga nesa, ƙarar jarka a bayan babur, sun isa su nuna akwai mutum a wurin.

Masu tambaya da dama: *Ta ina za mu isar da aikin ga jama'a?*

A WhatsApp ku tura shi a matsayin takarda, domin saƙon murya matse shi yake yi ya cinye siraran sautuka. Kafin ku kai gidan rediyo ku saurare shi a mono, ta lasifika guda: makirufo biyu da aka raba da nisa sukan soke juna in an haɗe su, wani sautin ya dusashe. In haka ta faru ku ba su ɓangare ɗaya kawai. Ku gaya wa mai kula da na'ura cewa shirun da ke ciki da gangan ne. Lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, gurnanin motar nesa ba zai fito ba, don haka ku rubuta a saman saƙon cewa a saurara da lasifikar kunne.

In taro za ku yi, soron ƙasa irin na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda ke mayar da amo ya dagula komai. Lasifika huɗu a kusurwoyi, daidai kunnen wanda ke zaune a tabarma, biyu na gaba su ɗauki naɗin fili, biyu na baya na cikin itace. Mutum goma sha biyar a lokaci guda, minti ashirin, bayan isha'i, a rage fitila. Ku yi amfani da batir, in kuwa janareta ya zama dole a kai shi bayan katanga biyu. Ƙarfin lasifika kada ya wuce yadda kurciyar take a kunnenku ranar da kuka naɗe ta.